Ukun da Rana Ta Ci

Hildemaro Uzcátegui ya ja labulen falo har ƙarshe, ya dawo ya sake gyara shi don kada wata 'yar kafa ta rage, sannan ya zura farar safar hannu ya durƙusa gaban durowarsa. Hantsi ne, rana ta fito tas a kan Caracas, amma falon ya yi duhu kamar an ɗauke wuta.

"Tsoho, in haihuwa za ka karɓa ka faɗa mini in ɗora ruwan zafi," in ji matarsa Zuleima daga ƙofar kicin.

"Ja ƙofar nan, haske na shigowa."

"Hasken firij ne fa."

"Shi ba haske ba ne?"

Ta ja ƙofar tana ƙunƙuni.

Durowa ce mai faɗi, irin ta masu zanen gini, kuma duk abin da Hildemaro ya mallaka a duniya a cikinta yake kwance. Wasu sun tara gidaje, wasu sun tara 'ya'ya, shi zane ya tara. Ba kowane iri ba, sai na masu layuka, waɗanda in ka tsaya cak gabansu su ma su yi shiru, in ka gitta layukan su kama rawa har idonka ya kawo ruwa. A garinmu wannan ba baƙon abu ba ne, yana bangon banki, yana ƙofar makaranta, wani ma a ƙasa yake muna taka shi. Amma na Hildemaro bugun siliki ne na asali, wanda aka tace fenti ta cikin ƙyalle da hannu, launi bayan launi, mai zanen ya duba da idonsa ya sa hannu da fensir a ƙasan takarda, ya rubuta lambar kowanne. Irin wannan takarda babban maƙiyinta rana ce. Shi ya sa bai taɓa rataye ko ɗaya ba. In ka shiga gidan, kalandar kantin magani za ka gani a bango, sai hoton Budurwa Maryamu na Zuleima.

Ya zaro guda uku daga can ƙasa. Ja da shuɗi ne a kan fari, launin yana nan ɗanye shar kamar jiya aka buga. Yau shekara arba'in yana jiran wannan ranar.

Asalinsu shida ne a jaka ɗaya, aikin mai zane Maestro Carrasquel, bugu na sha bakwai cikin sittin. Hildemaro da amininsa Argenis Malavé suna samarin injiniyoyi a wani kamfanin gina gadoji lokacin da suka gan su a wani shago a Sabana Grande. Babu mai ƙarfin sayensu shi kaɗai, sai suka haɗa albashi. A kan teburin mai kofi suka raba, suka jefa kwabo sama: na ɗaya da na uku da na biyar suka faɗa wa Hildemaro, sauran Argenis. Suka kuma tafa a kan alkawari, cewa duk wanda ya binne ɗan'uwansa shi zai haɗa shidan. Daga baya Hildemaro ya riƙe 'yar Argenis ranar baftismarta, suka zama kompadre, kamar yadda uban yarinya da uban baftismarta suke kiran juna, amma gaisuwarsu ba ta taɓa sauyawa ba.

"Har yanzu kana numfashi, kompadre?"

"Ras nake. Sai dai ka ƙara haƙuri."

Abin da ya kusa raba su shi ne, a makon da suka raba zanen Argenis ya kai nasa aka sa musu firam, ya kafa su a bangon falonsa, daidai inda ranar yamma take shigowa ta yi zamanta. Hildemaro ya yi nasiha, ya yi magiya, ya yi faɗa. Wata Kirsimeti har labule ya saya musu mai kauri, Argenis ya karɓa da godiya ya lulluɓe motarsa da shi. A ranar Hildemaro ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka gidan ba, wai zuciyarsa ba za ta iya kallon kisan kai ba. Ya kuwa cika rantsuwa. Abota ta koma teburin domino na ranar Asabar, inda suke zagin juna cikin kwanciyar hankali har gashinsu ya yi fari.

Sai ga shi zuciyar Argenis ta tsaya yana layin gidan burodi. Hildemaro ya yi kuka a maƙabarta, kuka na gaske, har sai da aka riƙe shi. Amma a faɗi gaskiya, ana cikin zuba ƙasa tunanin zanen nan uku ya gitta masa, ya kore shi, ya dawo, ya sake korarsa. Kunyar kansa ta hana shi cin abinci ranar.

Bayan an gama addu'ar kwana tara, Ligia matar marigayin ta bugo waya. Ta ce gobe za ta tashi zuwa Santiago wurin 'yarta, ta sallama gidan. "Ka zo ka ɗauki kayanka, kompadre. Amma ka taho da naka ukun. Ina so in ga shidan a jere sau ɗaya kafin in bar ƙasar nan."

Ya shimfiɗa su cikin jakar kwali, ya naɗe jakar da baƙar leda, ya naɗe ledar da tsohon bargo. Zuleima ta leƙo.

"Ba za ki raka ni ba, tsohuwa?"

"Yau ranar kawo ruwan famfo ce. In na bi ka, wa zai cika robobi? Ni na yi sallama da komadre Ligia jiya, mun yi kukanmu mun gama. Ka ci wainar arepar nan kafin ka fita, kada ka faɗi a titi a ce yunwa nake bar ka da ita."

Ya ci a tsaye, nesa da bargon, ya wanke hannu da sabulu, ya ɗauki laima ko da yake babu alamar hadari.

A cikin bas ɗin da ke zuwa Los Chaguaramos, unguwar su Argenis, ya zaɓi ɓangaren inuwa, ya tsayar da kayan a kan gwiwa ya rungume. Da bas ta sha kwana rana ta dawo ɓangarensa, sai ya buɗe laimar a cikin mota.

"Kaka, rufin ne yake yoyo?" direba ya tambaya ta madubi. Mota ta kwashe da dariya.

Matar da ke gefensa, mai buhun ayaba a ƙafa, ta harari direban. Ta dubi faffaɗan kayan da ke cikin bargo, ta dubi fuskar Hildemaro, ta sassauta murya. "Hoton asibiti ne, ko? Ƙirji?"

Ya rasa ta inda zai fara, ya ce, "Kusan haka."

"Allah ya ba da lafiya, bawan Allah. Mijina ma haka muka yi ta yawo da nasa."

"Amin," in ji shi. Bai tambayi yadda mijin ya ƙare ba.

Lif ɗin benen ya mutu, kuma gidan Argenis a hawa na tara yake. Ya hau yana hutawa, yana haki, yana zagin marigayin a zuci kan zaɓen gida kusa da rana. A kowane hawa yana lallashin kansa. Wataƙila ba su koɗe sosai ba. Fentin da ne, mai kyau, ba irin na yanzu ba. Wataƙila ɗan dishi-dishi ne kawai, wanda sai gwani zai lura.

Ligia ta buɗe ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta rame, baƙar rigar ta yi mata yawa. Suka rungumi juna, kayan suna tsakaninsu don bai yarda ya ajiye ba.

"Ashe ka san hanya," ta ce.

"Komadre, yaya haƙuri?"

"Haƙuri sai waliyyai, mu muna kwatantawa. Shigo, rantsuwarka ba za ta ci ka ba, wanda ka yi dominsa ya tafi."

Falon wayam. An kwashe kujeru, an kwashe teburi, sai akwatunan kwali a tare a gefe. Taga ta cinye bangon yamma gaba ɗaya, babu ko sandar labule. Wani aku mai shuɗin baya ya sauka a kan ƙarfen baranda yana ihun neman abinci, bai san masu gidan sun ƙare ba. A bangon da ke fuskantar tagar kuwa, ga su nan su uku, su kaɗai suka rage.

Hildemaro ya tsaya. Gani ya kori ji.

Jan ya koma launin cikin gwaiba, ita ma wadda ba ta nuna ba. Shuɗin ya zama toka-toka. Farar takardar ta yi rawaya kamar haƙorin mai shan taba. A kusurwar na tsakiya, a jikin gilashi, akwai wani ɗigo da ya yi kama da miya.

Ya nemi abin zama bai samu ba, ya zauna a kan akwati.

"In kawo maka ruwa?" in ji Ligia.

"Ya kashe su."

"Bari in ɗora kofi. Tukunyar kaɗai ban naɗe ba."

"Komadre, na faɗa masa. Na faɗa masa tun 'yarku tana rarrafe."

"Ka faɗa. Har kwaikwayonka yake yi in mun yi baƙi." Ta daga kicin take magana. "Kwance naka mana. Ba ka hawo benen nan don ka nuna mini bargo ba."

Ya dubi tagar. Rana ta fara karkatowa, bakinta ya riga ya taɓa daɓen falon. "Ba ki da zanin gado mu rataya?"

"Suna cikin akwati."

"Tawul fa? Ko jarida?"

"Kompadre, naka sun yi shekara arba'in a kabarin durowa. Shan iska na ɗan lokaci ba zai kashe su ba."

Ba yadda ya iya, a hannunta kayan suke. Ya sa safar hannu, ya sauko da na bangon, ya jera akwatuna ya jingina su a kai, ya bar gurbi tsakanin kowanne. Sannan ya kwance bargo, ya kwance leda, ya fito da nasa ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan kwalinsa, ya cike guraben. Yana yi yana tare musu rana da bayansa.

Maestro Carrasquel ya tsara su ne don layi ya fita daga na ɗaya ya shiga na biyu, ya bi har na shida, ta yadda mai wucewa zai ga jan yana gudu tare da shi kamar ruwa a kwata. Hildemaro ya san wannan, ya karanta, ya ma sha bayyana wa mutane a teburin domino. Ya ja da baya ya duba. Ɗaya yana ihu, ɗaya yana raɗa, ɗaya ihu, ɗaya raɗa. Lambarsu ɗaya, sa hannun ɗaya, amma ko makaho ya shafa zai ce ba uwarsu ɗaya ba.

Ligia ta fito da kofi biyu a ƙananan kofunan roba. Ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Kai!" ta ce. "Naka sun cika tsawa. Haka suke tun asali?"

"Haka naku suke."

"A'a. Namu ba su taɓa yin wannan rashin kunyar ba."

"Komadre, rana ɗaya aka buga su, da fenti ɗaya."

"To ni dai ban ga lokacin da suka sauya ba. Kullum ina goge su." Ta miƙa masa kofi, ya ƙi karɓa sai da ya matsa nesa da zanen. "Ba daga nan ake kallo ba. Zo ka ga."

Ta kai shi ƙofar ɗakin kwana ta nuna masa ƙasa. Daga nan zuwa ƙofar kicin katakon daɓen ya goge, ya yi wata 'yar hanya mai haske.

"Nan yake bi. Kowace safiya, daga shi sai gajeren wando, kofi a hannu. Ya je ya dawo, ya je ya dawo. In ce Argenis, za ka makara. Ya ce bari su gama gaishe ni. Ranar da aka sallame shi daga aiki a nan ya yini. Ranar da yarinyar ta tafi ma haka." Ta kurɓi kofi. "Bi mana. Ba sauri ba, kamar za ka ɗauko abu a kicin."

Hildemaro ya bi hanyar. Da ya zo daidai na ɗaya, layukan suka zabura suka yi tsalle, har ya dafa iska. Ya san zanen nan kamar yunwar cikinsa, ya san kowane layi, amma kullum a kwance yake ganinsa, shi yana sunkuye a kai, cikin duhu, yana riƙe numfashi. Bai taɓa gitta shi a tsaye ba. Jan ya taso da gudu ya faɗa cikin na biyu, na Argenis, sai ya rage sauri, ya yi ɗingishi, da ƙyar ya kai gaɓa. Na uku ya fizge shi, na huɗu ya sake shi. Haka har ƙarshe.

Ya juyo ya sake bi. Ya sake. Abu biyu suka cika masa ƙirji lokaci guda, daɗi da baƙin ciki, ya rasa wanda zai fara ji. Abin da ya jira tun yana saurayi ga shi a gabansa, cikakke, ba ko ɗaya da ya ɓace, kuma ba zai taɓa haɗuwa ba.

"Ya cuce ni, komadre," ya ce, idonsa ya yi ja. "Ya san nawa ne in ya mutu. Ya cinye ya bar mini kwano."

"Shi kuma cewa yake kai za ka riga shi, saboda yawan fushinka. Har ya auna inda zai kafa naka." Ta nuna bangon. Sai a lokacin Hildemaro ya lura da ƙusoshi uku tsirara, ɗaya a gaban kowane gurbin firam, sun yi tsatsa.

Dariya ta kuɓuce masa ba shiri, ta juye ta zama wani abu daban. Ya juya wa Ligia baya yana fyace hanci. Mugun mutum, ɗan banza, wa zai zaga ranar Asabar yanzu?

Da ya natsu ya karɓi wuƙar teburi ya ɓalle bayan firam ɗin farko, don ya duba ko danshi ya shiga. Da ya ɗaga takardar sai ya ga abin da ya fi komai yi masa ciwo. A gefe-gefe, inda bakin firam ya rufe, wani siririn layi bai ga rana ba. Jan yana nan da ransa, shuɗin yana nan. Ya matsa da shi kusa da nasa, suka haɗu daidai, ba bambanci ko na ƙwayar zarra.

"Ba a iya gyarawa?" in ji Ligia. "Akwai wani a Chacao, an ce har hoton coci yake sabuntawa."

"In burushi ya taɓa shi ya tashi daga aikin Carrasquel, ya koma aikin mutumin Chacao."

"To ai shi ke nan."

Ta tsuguna gaban na shida, wanda ya fi kusa da kicin, ta kai hannu kamar za ta shafa, ta tuna da mai safar hannu a bayanta, ta janye.

"Wannan nake gani in ina yanka albasa," ta ce. "Da na ce ko in tafi da shi. Zai shiga ƙasan akwati."

Aku ya sake yin ihu a baranda. Hildemaro ya dubi matar amininsa, da baƙar rigarta, da gidan da ba komai. Zanen ya koɗe, ba dillalin da zai kalle shi sau biyu. Kalmar tana bakinsa, ɗauki, komadre. Ya buɗe baki da niyyar faɗinta.

"Ba a raba su," ya ji kansa yana cewa.

Ligia ta ɗago ta dube shi. "Shekara arba'in suna rabe."

"Wannan kuskuren ƙuruciya ne."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, dariyar da ya tabbata ba ta yi irinta ba tun rasuwar. "Wayyo Allah! Ya ce haka za ka ce. Wallahi ya ce ko a bakin kabarinsa na roƙe ka, haka za ka ce." Ta share ido da bayan hannu. "Kwashe kayanka, kompadre. Alkawari alkawari ne. Har firam ɗin ka haɗa, ba mai so."

Kunya ta kama shi, amma ba ta kai ta sa ya sauya magana ba. Ya ciro sauran biyun daga firam, ya shimfiɗa shidan a jaka ɗaya, karo na farko tun teburin mai kofi. Ligia ta kira wani maƙwabci mai tasi, ya taimaka aka sauko da firam ɗin. A ƙofar bene ta sumbace shi a kumatu ta ce ya gaishe da Zuleima, ya ce ta gaishe masa da 'yarsa ta baftisma, ta ce masa ya rage fushi. Ba wanda ya ce sai mun sake haɗuwa.

Suka kama hanyar gida. Direban ya yi zancen tsadar mai, ya yi na ƙwallon gora, ya gaji ya kunna rediyo. Hildemaro yana rungume da jakar, kansa yana aiki irin na injiniya. Gada in gefe ɗaya ya sauka, kuma ba a iya ɗaga shi, me ya rage? Suna gangarowa unguwarsa ta La Candelaria ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

Zuleima tana jera robobin ruwa a baranda ta ji ƙarar guduma. Ta shigo da gudu ta tsaya turus. Rana ta cika falon, har ƙurar da ke kan rediyo ana gani. Kalandar kantin magani tana ƙasa. Mijinta yana kan kujera da ƙusa a baki.

"Budurwa Maryamu! Tsoho, wa ya mutu kuma?"

"Riƙe mini kujerar nan."

Ta riƙe. Ya kafa firam na farko, ya kafa na biyu, ya kafa na uku. Ja da shuɗi suka kama wuta a bangon, har ta runtse ido.

"Waɗannan ai naka ne."

"Nawa ne."

"A rana?"

"A rana."

Ya sauko a hankali, ya sa safar hannu, ya ɗauki na Argenis ukun da suka koɗe, ya shimfiɗa kowanne tsakanin fararen takardu biyu, ya sa su can ƙasan durowa, ya tura ya murɗa mukulli.

Zuleima ta dubi bango, ta dubi durowa. "Ko dai benen ne ya taɓa maka kai? Masu lafiyar ka shanya, matattun ka ɓoye?"

"Saurara, tsohuwa. Launin da ya tafi ba ya dawowa, wannan ba gardama. Amma wanda yake nan ana iya rage shi. In waɗannan suka sha rana suka kamo waɗancan, shi ke nan, sun zama ɗaya. Sai in jera shidan."

"Waɗancan kuma fa?"

"Su jira a duhu. In na bar su a waje gaba za su ƙara yi, ba za a taɓa kamo su ba."

"To a halin yanzu dai uku kake gani, kamar jiya."

"Na ɗan lokaci ne."

Ta saki kujerar ta riƙe ƙugu. "Lokacin nawa?"

Ya cire safar hannu yana duban taga, da benen da ke tsallaken titi, wanda yake tare musu rana tun kafin la'asar ta yi sanyi.

"Argenis shekara arba'in ya yi," ya ce. "Amma tagarsa ta fi tamu samun rana. A ƙara kamar goma."

Zuleima ta buɗe baki. Shekararsa saba'in da biyu, ita ta san wannan fiye da shi, ita take tuna masa. Ta dubi ƙeyarsa da ta yi sanƙo, da wuyansa da ya saki, da yadda yake kallon bangon kamar yaron da aka saya wa keke. Maganar da ta ɗauko ta mayar da ita.

"To," ta ce. "Daga gobe babu gishiri, babu soyayyen alade. Likitan nan da kake wa gudu kuma, Litinin za mu je."

"To," in ji Hildemaro.

Ta tsaya jiran gardama, ba ta zo ba. Sai ta ja kujerar ta zauna kusa da shi, suka zuba wa bangon ido su biyu.

Can wani gajimare ya gangaro daga kan dutsen Ávila ya rufe ranar, falon ya dushe. Hildemaro ya leƙa ta taga ya dubi sama, ya ja dogon tsaki.